Ƙaurar netCDF Zuwa Windows: Aikin da Ba a Yarda Bayit Ɗaya Ya Goce

Duk wanda ya taɓa sauko da bayanan ruwan sama ko na zafin iska daga manyan cibiyoyin binciken yanayi ya san fayil ɗin nan da sunansa ke ƙarewa da .nc. A cikin irinsa ake zuba sakamakon lissafin sauyin yanayi da kwamitin IPCC ke dogara da shi. A cikin irinsa kuma Jami'ar Reading ta Ingila ke raba ƙiyasin ruwan saman Afirka na TAMSAT, wanda ya faro daga 1983. Ɗalibi a Zariya ko ma'aikaci a cibiyar AGRHYMET ta Yamai zai buɗe shi a ƙaramar kwamfutarsa mai Windows, lambobi su fito masa daidai yadda wata ƙatuwar kwamfuta a wata nahiya ta ajiye su. Shi bai ga abin mamaki ba. Amma akwai shi, domin abin da ke buɗe masa fayil ɗin ba a gidan Windows aka haife shi ba.

Sunansa netCDF. Ba manhaja ba ce da ake latsawa ta buɗe taga. Laburare ne, wato tarin ƙananan ayyuka da aka rubuta da harshen C, waɗanda wasu manhajoji ke aika: buɗe mini fayil kaza, gaya mini faɗin wannan jadawali, kawo mini zafin rana kaza a wuri kaza. Cibiyar Unidata da ke Boulder a jihar Colorado ta Amurka ce ke riƙe da shi. Glenn Davis ya rubuta samfurinsa na farko a 1988, lokacin da manyan manhajojin Unix da VMS ke cin kasuwarsu a ɗakunan bincike. A 2008 aka fito da zubi na 4, wanda ya jingina da wani laburaren mai suna HDF5, ɗan asalin Jami'ar Illinois. Masu Windows sun daɗe suna lallaɓawa ta hanyar Cygwin, wata manhaja da ke kwaikwayon Unix a cikin Windows. Sai a 2013, da zubi na 4.3.0, Unidata ta shigo da tsarin gini na CMake wanda ya ba da damar harhaɗa laburaren kai tsaye da Visual Studio na Microsoft, aikin da Ward Fisher ya ɗauki nauyinsa.

To, mene ne mai irin wannan aiki yake yi idan ya zauna gaban kwamfuta?

Da farko ba ya rubuta komai. Karatu yake yi. A Unix, kafin a gina laburaren, akwai wani dogon rubutu mai suna configure da ake fara kunnawa. Aikinsa tambaya: wannan kwamfuta tana da abu kaza? Lamba iri kaza bayit nawa take ci a nan, wato wane girman wuri take kamawa a ƙwaƙwalwa? Kuma ba ya yarda da jita-jita. A kowace tambaya sai ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja ta layi biyar ko goma, ya gwada gina ta, ya ga ko ta tashi. Amsoshin duka ya tara su a fayil guda, config.h, wanda sauran rubutun ke dubawa. Windows ba ta jin yaren da aka rubuta configure da shi. Don haka mai aikin zai bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya gane abin da ya sa wani ya taɓa yin kowace, sannan ya sake yin ta da yaren CMake, kayan aikin da kamfanin Kitware ya ƙirƙiro wajen shekarar 2000 domin a rubuta bayanin gini sau ɗaya ya yi aiki a ko'ina. Rago yana da gajeriyar hanya a nan: ya kwafi config.h daga wata kwamfutar Linux, 'yar gidan Unix, ya gyara layukan da suka yi masa ƙorafi, ya ce an gama. Ginin zai tashi a kwamfutarsa ranar. A kwamfutar maƙwabcinsa kuwa, Allah masani.

Akwai wata ƙa'ida da ƙwararru ke riƙewa a wannan mataki, kuma ita ce ke nuna wanda ya daɗe a sana'ar. Ba sa tambayar "wannan Windows ce?" Suna tambayar "akwai abu kaza a nan?" Sunan babbar manhaja ba ya gaya maka abin da ke cikinta, tunda kowane sabon zubi yana ƙara abu ya rage abu. Wanda ya tambayi abin da yake buƙata kai tsaye, rubutunsa zai ci gaba da aiki bayan shekara goma ba tare da an taɓa shi ba.

Kafin netCDF ya tsaya, sai waɗanda yake tsaye a kansu sun tsaya. Ana fara gina zlib, laburaren matse bayanai na Jean-loup Gailly da Mark Adler. A kansa a gina HDF5. A gefe a gina curl, mai ɗauko bayanai ta intanet. Duka da tafinta ɗaya da zaɓi iri ɗaya, ko dai duka na bit 32 ko duka na bit 64. Tafinta a nan ita ce manhajar da ke juya rubutun C zuwa yaren da na'ura ke ji.

Ranar da aka fara miƙa wa tafintar Microsoft rubutun, allo cika yake da jan rubutu. Sabon shiga yakan firgita. Tsohon hannu kuwa murna yake yi, domin kuskuren da ya yi ihu mai sauƙi ne. Tafinta ta ce ba ta san unistd.h ba, wani fayil da kowace Unix ke da shi: a nemo makwafinsa, mafi yawan abin yana cikin io.h. Ta ce ba ta san getopt ba, aikin da ke karanta zaɓin da mutum ya rubuta bayan sunan umarni: a ɗauko wani rubutunsa a haɗa shi cikin kayan. Wasu manyan fayilolin netCDF ma ba hannu ke rubuta su ba, wata tsohuwar manhajar Unix mai suna m4 ce ke ƙyanƙyashe su daga samfuri, don kada a maimaita aiki ɗaya ga kowane nau'in lamba. Ita ma sai an tanade ta, ko a ƙyanƙyashe fayilolin tun a Linux a taho da su. Wannan duk aikin haƙuri ne. Abin da ake kallo shi ne inda mutum ya sa gyaransa. Gwani yana tattara bambance-bambancen a fayil ɗaya ko biyu, sauran rubutun ya zauna yadda yake. Mai gaggawa yana yayyafa "idan Windows ce yi kaza" a kowane lungu, har rubutun ya gagari karatu ga waɗanda suka haife shi.

Bayan tafinta sai mai haɗi, manhajar da ke ɗinke gutsattsarin da aka fassara su zama abu guda. A nan al'adun gidajen biyu suka saɓa. A Unix, laburare yana barin ayyukansa a buɗe ga duk mai kira sai wanda aka ɓoye da gangan. A Windows, inda ake kiran irin wannan laburare DLL, komai a rufe yake sai wanda aka yi wa alama. Kuma alamar iri biyu ce: lokacin gina laburaren tana cewa "ina fitarwa", lokacin da wata manhaja ke amfani da shi tana cewa "ina shigowa da shi". Dabarar da netCDF ya bi ita ce kalma ɗaya, EXTERNL, a gaban kowane aiki da aka yarda jama'a su kira. A Unix ba ta ƙara komai na musamman. A Windows tana rikiɗa ta zama ɗaya daga alamomin biyu gwargwadon wanda ke gini. Idan aka manta aiki guda, laburaren zai ginu lafiya lau. Sai ranar da wani ya nemi wannan aikin, mai haɗi ya tsaya da kuskure mai lamba LNK2019, ya ce bai san inda abin yake ba.

Yanzu gini ya kammala, babu ja ko ɗaya a allo. Nan ne ainihin aikin ya fara, domin kurakuran da suka rage ba sa magana.

Ɗauki batun ƙarshen layi. Unix tana nuna ƙarshen layin rubutu da bayit ɗaya mai lamba 10. Windows tana amfani da biyu, 13 sannan 10, gadon tsofaffin injinan buga saƙo waɗanda sai an ce musu "koma farkon layi" sannan a ce "sauka ƙasa". Domin ta sauƙaƙa wa masu rubuta manhaja, ɗabi'ar C a Windows ita ce ta ɗauki duk fayil ɗin da aka buɗe a matsayin rubutu in ba a gaya mata akasin haka ba. Duk inda ta ga 10 wajen ajiyewa, sai ta saka 13 a gabansa. Ga wasiƙa wannan taimako ne. Ga fayil ɗin lambobi kuwa ɓarna ce. A ce an ajiye ruwan saman wata rana, milimita 10, a bayit biyu: 0 da 10. Windows za ta rubuta 0, 13, 10. Bayit ɗaya ya ƙaru, duk abin da ke biye ya matsa gaba da taki ɗaya. Shi kuwa fayil ɗin netCDF na gargajiya, a goshinsa aka rubuta daidai bayit ɗin da kowane jadawali ya fara. Mai karatu zai je wurin da aka ce masa, ya ɗebo rabin wannan lamba da rabin waccan, ya haɗa, ya miƙa wa mai bincike ba tare da ko tari ba. Wajen karatu akwai wani tarkon: bayit mai lamba 26, wanda tun zamanin tsohuwar manhajar CP/M ake ɗauka a matsayin "fayil ya ƙare". Da an ci karo da shi a tsakiyar bayanai, karatu ya tsaya cak. Maganin duka kalma ɗaya ce, O_BINARY, da ake ƙarawa wajen buɗe fayil. Amma sai an bi kowane wuri da laburaren da kayan aikinsa ke buɗe fayil, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Waɗanda suka tsara HDF5 sun san wannan masifa, shi ya sa suka dasa mata ƙararrawa, suna bin sawun tsarin hoto na PNG. Sa hannun da ke farkon fayil ɗinsu bayit takwas ne: 137, sai haruffan H, D, F, sai 13, 10, 26, 10. A duba da kyau. An jera 13 da 10 tare, an sa 26, an sa 10 shi kaɗai. Duk hanyar da ta yi wa fayil ɗin shisshigi, ko ta ƙara 13 ko ta cire shi ko ta tsaya a 26, sai ta lalata waɗannan takwas ɗin, laburaren ya ƙi fayil ɗin tun daga bakin ƙofa. A ganina samun tunani mai kyau irin wannan a wuri ƙanƙane haka sai an tona.

Sai batun awo. Duk mai zuwa kasuwa ya san sunan mudu ɗaya ne amma cikinsa ya danganta da garin da aka auna. Haka wani nau'in lamba yake a harshen C, wanda ake kira long. A Linux mai bit 64, bayit takwas yake ci. A Windows mai bit 64, bayit huɗu ne. Shekara da shekaru masu rubutu a Unix sun saba zuba girman fayil ko matsayin wuri a cikinsa cikin wannan nau'i, ko cikin ɗan'uwansa off_t, wanda shi ma a tafintar Microsoft huɗu ne. Bayit huɗu mai alamar ƙari da ragi ba ya wuce 2,147,483,647, wato gigabayit biyu. Kada a ce wannan da yawa. Taswirar duniya da aka yanka kwata-kwatan digiri, irin ta bayanan ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, tana da ɗigo 1,440 a kwance da 721 a tsaye. Ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ke nan, kowanne yana cin bayit huɗu, kimanin megabayit huɗu a kowace awa. Zafin iska kaɗai, in ba a matse shi ba, zai haye iyakar nan kafin a cika kwana 22. Da an haye, lambar sai ta juye ta koma ƙasa da sifili, laburaren ya nemi wurin da babu shi. Mai aikin zai bi duk inda aka lissafa matsayi ya tabbatar da ma'aunin bayit takwas ne, ya maye gurbin lseek, aikin da ke tsallakawa zuwa wani wuri a cikin fayil, da _lseeki64. Sannan dole ya ƙirƙiri fayil da ya zarce gigabayit biyu, da wanda ya zarce huɗu, ya rubuta a can ƙarshensu ya karanto. Gwajin yana cin lokaci da wuri a faifai, shi ya sa shi ne na farko da malalaci ke kashewa.

Wata matsalar da ake yawan ambata, ta jerin bayit, a nan ba ta cika tayar da hankali ba. Wasu na'urori suna fara ajiye babban ɓangaren lamba, wasu ƙaramin. Lamba 1 da aka ajiye a bayit huɗu ta wancan tsari, in aka karanta ta da wannan ba juyi, 16,777,216 za a gani. Sai dai netCDF ya warware wannan tun yana yaro, lokacin da yake yawo tsakanin injinan Sun da VAX da Cray. Tsarinsa na gargajiya kullum babban ɓangare ne a gaba a kan faifai, kuma injin Intel ɗaya ne ko Linux ke kansa ko Windows. Abin da ya rage wa mai ƙaura shi ne ya tabbatar CMake ta yi tambayar kuma ta sami amsar gaskiya.

Wanda ya fi wahalar kamawa shi ne na aron ƙwaƙwalwa. Laburare yakan ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya zuba amsa, ya miƙa wa manhajar da ta kira shi, ita kuma ta mayar da wurin idan ta gama. A Windows yana yiwuwa laburaren da manhajar kowanne yana da nasa mai rabon wurin, in an gina su da zubi daban-daban na Visual Studio ko da zaɓi daban. An ara daga wannan, an mayar wa wancan. Wani lokaci manhajar ta faɗi nan take, wani lokaci sai can gaba a inda ba ruwansa. Shi ya sa HDF5 ya tanadi aiki na musamman, H5free_memory: abin da laburare ya ara, a dawo masa da shi ya mayar da hannunsa.

Sunayen fayiloli su ma suna da nasu rikici. Unix tana raba sunan jaka da na fayil da karkatacciyar sanda mai kallon gaba, Windows da mai kallon baya, kuma tana farawa da harafin faifai da ɗigo biyu, kamar C:. Shi kuwa netCDF yana karɓar adireshin intanet a gurbin sunan fayil, wanda shi ma yana da ɗigo biyu kusa da farkonsa, don haka sai an koya masa rarrabewa. Akwai kuma wanda ya shafe mu, masu Hausa, kai tsaye. Linux tana riƙe sunaye da tsarin UTF-8, Windows da UTF-16, tsofaffin hanyoyinta na buɗe fayil kuma suna bi ta wani ƙaramin jadawalin haruffa wanda a yawancin kwamfutocinmu na Yammacin Turai ne. Babu ƙ a cikinsa, babu ɗ, babu ɓ. Fayil mai suna ƙididdiga.nc yana nan zaune, ido na ganinsa, laburaren ya ce babu shi, sai fa in mai aikin ya juya sunan zuwa UTF-16 ya bi ta sabuwar ƙofa.

Duk wannan, da me ake tabbatar da shi? Da gwaje-gwajen da laburaren ya zo da su. Akwai wasu kayan aiki biyu, ncgen da ncdump. Na farko yana karɓar bayani a rubuce ya mayar da shi fayil ɗin netCDF, na biyu yana karɓar fayil ya mayar da shi rubutu. Sai a zagaya: rubutu ya zama fayil, fayil ya koma rubutu, a gwama da na asali harafi da harafi. A Windows gwaje-gwaje da dama sukan faɗi a kan abin da ba a zata ba. Lambar da netCDF ke cike gurbin da ba a auna komai ba da ita, a rubuce 9.96921e+36 ce. Tsofaffin zubin Visual Studio, kafin na 2015, suna rubuta ta 9.96921e+036, da ƙarin sifili. Ƙimar ɗaya ce, rubutun ne ya bambanta. A nan ake gane hali. Wani zai ce ai ba komai, ya share gwajin. Gwani ba ya sharewa, domin gwajin da ya faɗi yau a kan sifilin banza shi ne zai kama ɓarnar gaske gobe. Zai nemo umarnin da ke sa Windows ta rubuta lamba biyu, ya sa shi a farkon ncdump, ya sake kunnawa. Ga kowane gwaji da ya faɗi tambayarsa guda ce: laburaren ne ya yi kuskure, ko gwajin ne ya ɗauka duk duniya Unix ce?

Wani lokaci amsar takan ba da kunya ga gidan asali. Unix tana barin a goge fayil yana buɗe, Windows a bisa al'ada tana ƙi. Gwajin da ya manta rufe fayil kafin ya goge shi zai yi shekaru yana wucewa a Linux ba wanda ya sani, ranar farko a Windows asirinsa ya tonu. Gyaran da aka yi saboda Windows sai ya amfani kowa.

Gwaji na ƙarshe shi ne na musaya. A rubuta fayil a Linux a karanta a Windows, a rubuta a Windows a karanta a Linux da Mac. A ɗauko tsohon fayil na shekarun 1990 a buɗe. Ga tsarin gargajiya, inda babu matsi, har gwama fayilolin biyu ake yi bayit da bayit.

Kuma ba a gamawa a tashi. Shekaru bayan 2013, netCDF ya ci gaba da tafiya da tsarin gini biyu a jere, tsohon na configure da sabon na CMake. Duk wanda ya ƙara fayil a rubutun, sai ya sanar da su biyun. Duk wanda ya ƙara aiki, sai ya tuna da EXTERNL, ko da bai taɓa kunna Windows ba a rayuwarsa. Tunda mutum mai mantuwa ne, aka ɗora wa injuna tsaron: kowane gyara da aka kawo, kafin a karɓe shi, ana gina laburaren daga tushe a Linux da Mac da Windows, a kunna gwaje-gwajen. In na Windows ya faɗi, gyaran yana komawa hannun mai shi.